Daɓen Ɗan Fari

Shekarar da aka rufe masaƙar da nake aiki a Kano, na dawo ƙauyenmu da matata, da akwatin sifanu, da gwangwani uku. Biyu koren fenti ne. Na ukun wani ruwa ne mai danƙo kamar ƙaro, wanda ake shafa wa siminti ya toshe masa ƙofofi kafin a ɗora fenti, mu a masaƙa shafin farko muke ce masa. Shugaban sashenmu ne ya miƙo mini su ranar da muka yi sallama. Ya ce in ɗauka, tunda ba wanda zai sake fentin ƙasan wurin nan.

Shekaru ne masu nauyi. Damina biyu a jere ta yi gardama, har mutum yakan je kasuwar Dawanau da buhu ya dawo da shi a naɗe a hammata. Ba mai sayen sabon abu. Injin niƙa in ya mutu sai a yi ta lallaɓa shi, haka injin ban ruwa, haka keken ɗinki. Na duba na ga mai gyara ba zai kwana da yunwa ba, sai na yanki gefen gonar marigayi Baba, a bakin hanyar da ke gangarawa Dawakin Tofa, kusa da wata tsohuwar ɗorawa, na tayar da ɗaki guda na rufa masa kwano. A wajenmu gona manne take da gona, gida yana kallon gida, don haka duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya ba ni shawarar da ban nema ba.

Ni kuwa abin da ke raina ƙasan ɗakin ne. Shekara goma sha ɗaya ina tsugunawa a kan koren daɓen masaƙa, na san amfaninsa. Tsirarar siminti tana tayar da gari, garin nan in ya shiga cikin injin da aka buɗe ya gama da shi. Tana shan baƙin mai kamar auduga. Ƙaramin noti in ya faɗi a kanta sai ka yi rarrafe kana nema. Amma in zan faɗi gaskiya, har da son a sani. An sallame ni kamar yadda aka sallami kowa, na dawo gida ba komai, ina so ko a ƙasan ɗaki ne a ga cewa na je birni na koyo wani abu.

Yanzu sai in faɗi wace ce Inna, don ba za a gane abin da ya faru ba sai an san ta.

Inna ita ce uwar daɓe a unguwarmu. Yaran yanzu ba su san daɓe ba, sai dai su ji a baki. In za a yi wa mace ɗaki, ana zuba tsakuwa a ƙasa a baje ta, a yayyafa ruwa, mata su jeru a durƙushe kowace da madaɓinta na ice, su yi ta bugu suna waƙa har ƙasa ta kwanta ta yi sumul. Daga nan sai a kawo makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa ya yi ja-ja baƙi-baƙi, a kwarara a goge da hannu. Makuba ita ke ɗaure daɓe, ta sa ya yi tauri ya yi ƙyalli, ruwa ba ya cinsa. Inna ce ke ba da waƙa, saura su amsa. Ita ke taɓa ƙasa da tafin hannu ta ce ta yi ko ba ta yi ba, kuma ba a ja da ita. Madaɓinta na ƙirya ne, mariƙinsa ya yi santsi saboda daɗewa a hannu.

Ni ne ɗanta na fari. Wanda ya san mutanenmu ya san abin da hakan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ana yaye ni aka kai ni wurin Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta rene ni a sashenta na cikin gida ɗaya. In muka haɗu da Inna a zaure sai ta kau da kai ta kama yi wa akuya faɗa. In tana da magana da ni, Gwaggo take wa, ko da kuwa ina tsaye a wurin: "Gwaggonsa, ki ce wa wancan rigarsa ta yage." Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kowa ya sani, ni ma na sani. Tsokar da ta fi girma a miya kullum tana cikin kwanon da ake kawowa sashen Gwaggo. Amma sanin abu a kai daban, yaro ya girma bai taɓa jin uwarsa ta kira shi ba daban.

Ƙannena biyar, mata uku maza biyu, duk Inna ce ta daɓe musu ɗakin aure da hannunta. Ni kaɗai na yi aure a Kano, a gidan haya, a kan simintin da ban san wanda ya zuba ba.

Ana saura kwana biyu magini ya zuba mini siminti, Gwaggo ta zo ta same ni ina daidaita ƙasa. Ta zauna a kan bulo ta ɓare goro.

"Injiniya, sannu da aiki." Haka take ce mini in za ta tsokane ni.

"Yauwa, Gwaggo."

"Ka san dai ƙannenka duk ita ta yi musu."

"Na sani."

"Saura kai."

Na ce, "Gwaggo, wannan fa shago ne, ba ɗakin amarya ba."

Ta tauna goronta. Can ta ce, "Gwiwoyinta sun fara ƙi. Ta ce mini ba ta so ta kwanta dama madaɓinta bai taɓa ƙasarka ba. Ba ta aiko ni ba, kar ka ce ta aiko ni. Ni ce dai nake maka hannunka mai sanda."

Na ji maganar sarai. Ba zan ce ban ji ba. Sai dai na ɗauke ta irin maganar tsofaffi, wadda ake amsawa da to a wuce. Na shiga yi wa Gwaggo bayanin garin siminti da baƙin mai da yadda ake yi a masaƙa. Ta bar ni na gama tsaf, ta miƙe ta kakkaɓe zaninta, ta ce Allah ya ba da sa'a.

Magini ya zuba siminti ya shafe. Daga nan aikina ya fara, kuma aiki ne na haƙuri, abin da Allah bai ba ni da yawa ba. Sabuwar siminti tana son ruwa kwana bakwai, in ba haka ba ta tsattsage. Na shimfiɗa mata tsofaffin buhuna, safe da yamma ina jiƙa su. Rani ne, rijiya ta ja baya, sai an ƙara igiya kafin guga ya taɓa ruwa. Mata suna layi tun hantsi, ni kuma ina wucewa da jarka zan shayar da ƙasa. Na sha harara, har wata ta ce tunda take ba ta taɓa ganin an yi wa ɗaki ban ruwa mutane na jin ƙishi ba. Gaskiyarta ce, amma na yi kamar ban ji ba.

A kwana na uku na zo da safe na tarar buhunan a jiƙe sharkaf. Na zaci matata ce, ta ce ba ita ba. Da na duba ƙasar bakin ƙofa sai na ga sawu, ƙafar hagu tana ɗan ja. Na san mai wannan tafiyar, Inna ce. Haka aka yi ta yi har kwana bakwai suka cika, kullum kafin in iso an riga ni. Ban yi godiya ba, don ban san ta inda ake yi mata godiya ba, ita ma ba ta nuna ta san komai ba.

Bayan ruwa sai jira. Siminti sai ta bushe har ciki kafin a shafa mata wani abu, in ba haka ba damshin da ke ƙasa ya taso ya ɗaga fentin. Wata guda na ba ta. Yadda aka koya mini, sai in shimfiɗa leda a tsakiyar ɗakin in danne gefunanta da duwatsu, washegari in ɗaga. In ledar ta yi gumi, da saura. Na sa ƙofa na sa kwaɗo, na hana kowa shiga. Mutanen gari suka sa wa wurin suna ɗakin da ba a shiga. Masu zama a gindin ɗorawa in sun gan ni da leda sai su ce, "Injiniya, yau ma ta yi gumin?" Na gaya wa kowa, na nanata a cikin gida da babbar murya yadda za a ji har ɗakin Inna: kada mai ya taɓa ƙasan nan, kada komai ya zuba a kai, gwangwanin shafin farko ɗaya ne, ba ni da wani.

Ranar da na ɗaga leda na same ta a bushe ƙayau, har wani sanyi na ji a ƙirjina. Na cike 'yan tsagogin da suka fito a gefen bango, na kankare inda siminti ta yi tudu, na share sau uku. Abin da ya rage burushi, da wasu kayan aikina da na bari a Kano. Na ce bari in je in dawo, matata ma ta ga iyayenta. Makullin shagon na ba Gwaggo ta rataye a ƙusar ɗakin Inna, don a gidanmu duk mai tafiya can yake barin makullinsa, tun zamanin Baba. Ban ko yi tunani a kai ba.

Kwana uku muka yi. Da na sauka a mota na nufi shagon, tun kafin in kai wari ya tare ni, wani tsami-tsami kamar na majema. Ƙofa a buɗe take. Gwaggo na zaune a bakinta tana korar kaji, fuskarta cike da fara'a. A gefe ga manyan tukwane biyu a kife, ga tulin ɓawon ɗorawa da aka matse.

Na leƙa. Ƙasan ɗakin daga bango zuwa bango ya koma ja mai duhu, yana ƙyalli. Yau zan faɗa, ya yi kyau ƙwarai. A ranar ban ga kyau ba, wata guda na gani da ruwan rijiya da gwangwanina ɗaya.

Gwaggo ta ce, "Uwarka ba ta buga madaɓi ba, ta ce simintinka ta riga ta kwanta. Makuba kawai ta ɗaura maka, don ta ji kana cewa sai an toshe mata ƙofofi. Sau uku aka kwarara."

Na juya. Na wuce cikin gida kai tsaye. Inna na zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince wake a faifai, matan ƙannena biyu suna daka a tsakar gida. Tunda nake ban taɓa tsayawa a kanta na yi mata doguwar magana ba, sai ran nan.

Na ce, "Inna, wa ya sa ki? Wa ya tambaye ki? Wata guda ina fama, kin zo kin ɓata mini da ruwan ƙauyanci. Ba kowane ɗaki ne naki ba."

Daka ta tsaya. Magana zarar bunu ce, tun ban rufe baki ba na san na zaro abin da ba zai koma ba, amma zuciya tana kaina, na tsaya ina huci ina jiran ta tanka. Ba ta ɗago ba. Hannunta ya ci gaba da tsintar wake. Gwaggo ta shigo a bayana tana haki, sai Inna ta ce mata, da muryarta ta kullum:

"Gwaggonsa, ki ce masa ya ci abinci. Ya sha hanya."

Abin da ya sa na haukace, in za a ba ni uzuri, shi ne na san abin da makuba ta yi. Ta shige ƙofofin simintin ta zauna, shafin farko ba zai sami inda zai kama ba, fenti kuma zai zauna a kanta ne kawai, damina ɗaya ya tashi. Wanki ba zai fitar da ita ba. Sai dai a cinye fatar simintin gaba ɗaya, a goge har a kai ga fari. Washegari na sami dutse da burushin waya na durƙusa. Na wuni ina gurza, da la'asar abin da na fitar bai fi shimfiɗar buzu ba, tafin hannuna duk ya yi ƙulli ya fashe. Kwana biyu ina haka. Masu zama a gindin ɗorawa ba wanda ya tsokane ni, labari ya riga ya kai musu, gaisuwata ma da ƙyar suke amsawa.

A rana ta uku na iso da hantsi, tun daga nesa na ji ƙara, shuu, shuu, a jere kamar numfashi. Mata biyar ne a durƙushe a cikin shagon: Inna, Gwaggo, da tsofaffi uku abokan daɓensu. Kowace ta zo da ɗan dutsen niƙanta. Sun watsa yashi da ruwa, sun jeru kafaɗa da kafaɗa yadda suke jeruwa in za su yi daɓe, suna turawa tare suna jawowa tare. Jan ruwa yana gangarowa ta ƙofa. Ba mai waƙa. Ban taɓa ganin matan nan a durƙushe a jere ba waƙa ba, kuma shirun ya fi mini zagi ciwo.

Na tsaya a ƙofa na ce, "Inna, ki bari. Zan yi."

Ta ce, "Gwaggonsa, ki ce masa ya matsa, yana tare mana haske."

Na matsa. Abin da na iya yi kawai in ɗebo musu ruwa da yashi in ajiye a bakin ƙofa. Kwana huɗu suka yi. Sun san ƙasa fiye da ni, wannan ba musu. Inda ni nake dannawa da ƙarfi in yi rami, su sai su bi a hankali, Inna tana shafawa da tafin hannu tana nuna inda ya rage. In za ta miƙe sai ta dafa bango, ta daɗe a sunkuye kafin bayanta ya yarda. Na ga zaninta ya jiƙe a gwiwa, kuma ba ruwa kaɗai ba ne. Na aika matata da man zafi, aka dawo mini da saƙon an gode.

Ranar ƙarshe suka wanke duwatsunsu suka tafi, Gwaggo kaɗai ta tsaya. Ta ce, "An gama, injiniya. Shiga ka duba."

Simintin ta fito fara tas, da ɗan kaushi daidai yadda shafin farko yake so. Ko a masaƙa ban ga an gyara ƙasa haka ba. Na bi bango ina dubawa har na kai kusurwar gabas. A nan aka bar wani wuri, zagayayye, girman faifai, makubarsa tana nan ba a taɓa ta ba.

Na ce, "Nan fa? Hannunta ne ya gaji?"

Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Hannun uwarka bai taɓa gajiya a kan daɓe ba." Ta ɗauki mayafinta ta fita.

Na gane. Ba zan ɓoye a bayan rashin sani ba. Roƙo ne, irin wanda za ta iya yi mini, tunda ba za ta iya buɗe baki ba. Ta kankare aikinta da hannunta saboda ni, ta bar girman faifai ta ga ko zan bar mata.

Sai da na sake jira ƙasa ta bushe, na sake gwajin leda, kusan mako biyu. Duk kwanakin nan ina shiga ina kallon kusurwar. Wata rana in ce zan bar ta, wata rana in ce in goge ta in huta. Ranar shafi na fara daga can ciki ina ja da baya zuwa ƙofa, yadda ake yi don kada mutum ya rufe kansa. Kusurwar gabas ita ce ta biyu da na isa. Na tsaya da burushi a hannu har ya fara ɗiga. Abin da ya zo mini a rai ƙaramin abu ne, ina jin kunyar faɗinsa: masu kawo gyara za su gani su tambaya, a tuna da maganar, a ce ga inda injiniya ya sha kaye. Kuma ƙasan masaƙa kala ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Ban iya goge ta ba, ban kuma iya barinta ba. Sai na bi ta kanta da burushi, kamar ban gan ta ba. Bayan kwana biyu na ɗora kore, ya bushe, na sake ɗora wani.

Ranar da na buɗe shago aka yi 'yar addu'a, aka raba goro. Da mutane suka watse sai ga Inna da Gwaggo. Inna ta cire takalmi a bakin ƙofa amma ba ta shiga ba. Idonta bai tsaya ko'ina ba, kai tsaye ya tafi kusurwar gabas. Kore ne, kamar ko'ina. Ta ɗan jima tana kallo.

Ta ce, "Gwaggonsa, ya yi kyau. Allah ya sa albarka."

Ta mayar da takalminta ta tafi. Ba ta sake zuwa shagon ba, ba ta kuma sake yin daɓe ba, ko da yake an zo nemanta sau biyu. Ta ce gwiwa.

Shagon ya karɓu. Injina suka riƙa zuwa daga ƙauyukan kewaye, a kan amalanke, a kan jaki, har daga wajen Shanono. Mun ci abinci a lokacin da wasu ba su ci ba, kuma buhun farko da na saya sashen Inna na sa aka kai. Na saya mata zane, na saya mata goro, duk ta hannun Gwaggo, duk amsa ɗaya, an gode. Sau da yawa nakan taso daga shago da niyyar in durƙusa a ƙofar ɗakinta in ce ta yafe mini. In na shigo na gan ta zaune sai in gaishe ta in wuce. Shekara talatin da wani abu ba mu saba magana ba, sau ɗaya da na buɗe baki ga abin da ya fito. Na yi ta cewa gobe.

Ta rasu a farkon daminar da ta biyo, bayan jinyar kwana shida. Gwaggo ta ce mini ta yafe wa kowa, har da wancan. Haka ta faɗa, har da wancan.

Daminar ta yi ruwa sosai, kamar tana biyan na baya. Bayan an yi sadakar arba'in da 'yan kwanaki, ina sharar shago da safe, tsintsiya ta kama wani abu a kusurwar gabas. Fentin ya kumbura ya tsage. Na sa farce na ɗaga, sai ya taso gaba ɗaya kamar ɓawon dafaffen ƙwai, zagayayye, girman faifai. A ƙarƙashi makuba tana nan, ja mai duhu, ko dusashewa ba ta yi ba. Ko'ina a ɗakin fenti ya kama gam, nan ne kawai ya ƙi. Abin da na faɗa tun farko shi ya faru, fenti ba ya zama a kan makuba. Ni ne mai gaskiya, kuma ban taɓa cin gaskiyar da ta yi mini ɗaci irin wannan ba.

Na je na kira Gwaggo. Ta zo tana dogara sanda, ta shiga, ta durƙusa da ƙyar ta shafa wurin da tafin hannu, yadda Inna take yi.

Ta ce, "Ka san dalilin da ya sa nan ta bari?"

Na ce ban sani ba.

"Daga nan aka fara kwarara makubar. Ita ta karɓi ƙwaryar farko. Ka san in ana daɓe uwar daɓe takan ambaci mai ɗaki a waƙa, ta yi masa addu'a. Muka ce to yau za mu ga yadda za ta yi, ko za ta ce wancan. Sai ta kira sunanka." Gwaggo ta goge ido da gefen mayafi. "Sau uku, da ƙarfi, a nan inda nake durƙushe. Muka yi ta yi mata dariya, ta rufe fuska kamar amarya. Ni da na rene ka ban taɓa jin ta faɗa ba sai ran nan."

Na tambaye ta yaya ta faɗe shi, cikakke ko yadda ake gajarta shi a gida. Gwaggo ta ce cikakke, yadda liman ya raɗa.

A ranar ina Kano ina zaɓen burushi.

Na sake fentin shagon sau huɗu tun daga lokacin. Duk sa'ad da na zo kusurwar gabas nakan ɗauki ƙaramin burushi in zagaye wurin a hankali. Masu kawo gyara suna gani suna tambaya, kamar yadda na ji tsoro. Ina ce musu makuba ce, mahaifiyata ce ta yi mini daɓe. Waɗanda suka manyanta sukan gyaɗa kai. Matasa sukan ce mece ce makuba, sai in ajiye sifana in nuna musu ɗorawar da ke waje.